A duba jariri ran kwana uku, kada a jira ranar suna

Daga Samaru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Wanda ya taso daga kasuwar Sabon Gari ma, ya biyo ta Kwangila da Palladan, da wuya ya cinye awa guda a hanya. A Shika akwai ɗakin kula da jarirai na musamman, akwai ƙwararrun likitocin yara, akwai fitilar da ake maganin shawara da ita, akwai ma'ajiyar jini. Garuruwa da yawa a Arewa za su so a ce su ne ke da irin wannan maƙwabtaka. Amma har gobe ana kai jarirai asibitin bayan ciwon shawara ya riga ya hau musu ƙwaƙwalwa, kuma ba dukansu ne daga nesa suke fitowa ba.

Idan mutumin ƙauyen da damina ta yanke wa hanya ya makara, ana iya ɗora laifin a kan hanya. Mutumin Muciya ko Hayin Dogo ko Dogarawa ba shi da wannan hanzarin. Abin da ke kashe mu a nan jinkiri ne, kuma jinkirin yana da mazauni sananne, wato kwanakin da ke tsakanin haihuwa da suna. A cikin wannan mako kowa na da aikinsa. Angon ƙarni na neman kuɗin rago da goro. Kaka na dafa ruwan wanka da dama kunun kanwa. Ƙannen miji na zarya wurin tela. 'Yan barka na shiga suna fita. Babu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin ya fito da jaririn cikin hasken rana, ya kware shi, ya dubi idonsa da kyau. Ra'ayina shi ne a samar da wannan mutumin, a kuma tsayar masa da rana: kwana na uku da haihuwa. Ya zama abin da ba a tsallakewa, kamar yadda ba a tsallake yankan rago.

Abin da ke faruwa a jikin jariri

Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, fiye da abin da zai buƙata bayan ya fara numfashi da huhunsa. Ƙwayoyin nan ba sa daɗewa kamar na babba. Na babba kan yi kwana 120, na jariri kuwa tsakanin 70 da 90. Duk ƙwayar da ta mutu takan bar wani sinadari mai launin rawaya da likitoci ke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta sarrafa shi ta tura shi hanji ya fita ta kashi. Lokacin da jariri yake ciki, hantar uwa ce ke yi masa wannan aiki. Da an yanke cibiya sai nauyin ya dawo kan tasa hantar, wadda ba ta gama ƙwari ba. Lamarin kamar kwatar unguwa ce a ruwan farko: ruwa ya zo da yawa, mafita ta yi kaɗan, sai ya yi ambaliya. Ambaliyar ita ce rawayar da ake gani a ido da fata.

Wannan ya sa shawara ta zama ruwan dare ga jarirai. Kimanin 60 cikin 100 na waɗanda suka cika wata tara, da kimanin 80 cikin 100 na bakwaini, sukan yi ta a makon farko. Ga mafi yawansu takan bayyana a kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙarshen ƙarfinta tsakanin kwana uku da biyar, sannan ta sauka da kanta kafin mako biyu. Shi ya sa duk tsohuwar da ta ce ta ga jarirai da yawa sun yi shawara sun warke ba tare da an je ko'ina ba, gaskiya ta faɗa.

Matsalar tana ga 'yan kaɗan ɗin da nasu ba ya tsayawa. Idan bilirubin ya yi yawa ƙwarai, yakan tsallaka daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa, ya lalata sassan da ke kula da motsin jiki da ji. Da farko jariri zai yi sanyi, ya yawaita barci, ya rage tsotso. Daga nan sai ya ƙi nono gaba ɗaya, kukansa ya koma wani siriri mai tsini, jiki ya yi zafi, wuya da baya su banƙare. Wasu sukan yi jijjiga, wasu su rasu. Wanda ya tsira bayan ya kai wannan mataki, sau da yawa yakan tashi da kurumta, ko wuyan da ba ya tsayawa, ko gaɓɓan da ke murɗewa ba da sonsa ba. Ɓarnar ba ta gyaruwa. Wani ƙiyasi da masana suka wallafa a 2013 ya nuna cewa a shekara guda jarirai kimanin 114,000 ne ke mutuwa a duniya saboda tsananin shawara da saɓanin jinin uwa da ɗa, kuma mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya suke. A Ingila ko Amurka, a samu yaro ɗaya da shawara ta nakasa abu ne da ake kafa kwamitin bincike a kansa.

Makon da ido ba ya kaiwa

A dubi kwanakin da aka ambata, uku zuwa biyar, sannan a tambayi inda jaririnmu yake a lokacin. Idan a gida aka haife shi, yana ƙuryar ɗaki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Idan kuma a asibiti aka haife shi, an riga an sallame su, wasu ma bayan 'yan awanni da haihuwa, tun shawarar ba ta fito ba. An yi masa allurar BCG da ɗigon shan inna, an rubuta a kati cewa a dawo bayan mako shida. Ke nan ma'aikacin lafiya ya gan shi a ranar da babu abin gani, zai sake ganinsa bayan komai ya wuce.

Ɗakin mai jego kuwa kowa ya san shi. Labule a sake, taga a rufe don kada iska ta shiga, turaren wuta na tashi, fitila ko ƙwan lantarki mai ja-ja. Jariri na naɗe cikin shawul da hula da safa, musamman lokacin hunturu. A irin wannan haske, a kan fata irin tamu, ko likita ba zai iya rantsuwa a kan launin yaro ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda alamomin farko ke zuwa da kamar abin yabo. Jariri ya yi wani haske, sai 'yan barka su ce, "Tubarkalla, fari ne tas, dangin uwarsa ya ɗebo." Ya kwana bai farka neman nono ba, sai a ce, "Wannan mai haƙuri ne, ba ya rigima." Kallon kitse ake yi wa rogo. Jariri mai lafiya yana farkawa ya nemi nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. Wanda sai an tashe shi da ƙyar, ya kama ya saki, ba haƙuri ne da shi ba.

Ko da uwa ta lura, ba ita ke da ta cewa ba. Yarinya ce mai haihuwar fari, tana gidan iyayenta wanka ko tana hannun uwar miji. Ta ce idon yaro ya yi rawaya, a ce mata kowane jariri haka yake, ta cika tsoro. Mai jego ba ta fita kafin suna, wasu ma sai an yi arba'in. Miji na kasuwa ko wurin aiki, in ya dawo da dare ya leƙa daga bakin ƙofa, don kunyar ɗan fari ba ta barinsa ya ɗauka a gaban surukai. Maganar da ta fi kowace tsada a wannan mako ita ce, "A bari a yi suna tukuna." Jaririn da shawararsa ta fara hawa a kwana na uku ba zai jira kwana na bakwai ba.

Ba ina zargin al'adar ba ne gaba ɗayanta. Hutun da mai jego ke samu, da abinci mai kyau, da tsohuwar da ke kwana da ita, gata ne da matan ƙasashe masu arziki da dama ba su da shi. Kuma abin bai tsaya ga Hausawa ba. Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20 gari ne na kowa, kuma a gidan Bayarabe da na Ibo da na mutumin Kudancin Kaduna ma akwai tsohuwar da ke zuwa kula da mai jego, akwai kuma jinkiri irin namu. Gyaran da ake nema ƙarami ne: a ɗaga labule, a kware jariri, a duba.

Kafur, lalle da jinin iyaye

Akwai dalilan da suka sa shawara ta fi yi wa 'ya'yanmu illa fiye da na Turawa. Babba daga ciki shi ne ƙarancin wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira G6PD. Gadonsa ake yi, ɗa namiji daga uwarsa yake ɗaukowa, kuma ya fi bayyana ga maza ko da yake mata ma ba su tsira ba. Ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe a cikinsu. A Najeriya kimanin ɗa namiji ɗaya cikin biyar ko shida na ɗauke da shi, kuma mafi yawa ba su sani ba, domin ba a gwada jarirai a kansa. Mai wannan hali lafiyarsa ƙalau, sai ranar da jininsa ya gamu da wasu sinadarai, ƙwayoyin su farfashe lokaci guda, bilirubin ya yi tsalle cikin 'yan awanni.

Sinadaran kuwa suna cikin ɗakunanmu. Na farko shi ne kafur, fararen ƙwallayen nan da ake zubawa a akwati da durowa don korar kyankyaso da asu. Mai ciki ta sayi kayan jariri tun wata na bakwai, ta jera su da kafur don su yi ƙamshi, ranar haihuwa a ciro a sa masa. Sinadarin na shiga ta fata da ta numfashi. Na biyu shi ne man zafi da hodar da ke da mentol, waɗanda ake shafa wa jariri a ƙirji ko a cibiya don maganin sanyi. Na uku shi ne lalle. Likitoci a Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun rubuta labarin jarirai masu ƙarancin G6PD da jininsu ya farfashe bayan an shafa musu lalle a jiki. Mai jego ta yi kwalliyarta ta suna, amma kada lalle ya taɓa fatar jariri. Tun da ba mu san wane jariri ne ke ɗauke da wannan gado ba, hankali shi ne a nesanta waɗannan abubuwa daga kowane jariri.

Dalili na biyu shi ne saɓanin jini. Uwa mai rukunin O da ta haifi ɗa mai A ko B, garkuwar jikinta na iya kai wa jininsa hari. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne uwa mai jini nagetif, kamar O nagetif ko B nagetif, da ɗa mai fozitif. Irin waɗannan mata ba su da yawa a cikinmu, kimanin biyar cikin ɗari ne, amma idan ba a yi wa mace allurar kariya cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari ba, 'ya'yan da za su biyo baya ne ke shan wahala. Gidaje nawa aka ce wa mace tana wabi, alhali rashin gwajin jini ɗaya a wurin awo da allura ɗaya ne ya raba ta da 'ya'yanta? Mun koyi tambayar jinotaif kafin aure saboda sikila, kuma mun ga amfanin haka. Rukunin jini ma ya cancanci irin wannan tambaya.

Sauran dalilan su ne haihuwar bakwaini, da ƙwayoyin cuta da ke shiga ta cibiyar da aka yanke da tsohuwar reza ko aka shafa wa man goge baki, da ƙarancin shan nono. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne ke tura baƙin kashin farko waje, kuma tare da kashin nan bilirubin ke fita. Duk jaririn da aka hana dakashi aka ɗura masa ruwa, an rufe masa ƙofar da ciwon zai bi ya fita.

Hanyoyin da ke cinye kwanaki

Idan gida ya yarda cewa shawara ce, ba kasafai ake miƙewa asibiti ba. Akan fara da shanya jariri a hantsi. Sai ruwan gulukos. Sai ɗigon Ampiclox daga kemis ɗin bakin layi. Sai jiƙon ɗanyar gwanda, ko saiwar rawaya da ake ba manya masu shawara. Babu ɗaya daga cikinsu da ke sauke bilirubin mai hawa. Gulukos cika cikin jariri yake yi ya rage masa shan nono. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aiki a kan launin da hanta ta kasa fitarwa. Jiƙe-jiƙe kuwa ƙarin kaya ne a kan hantar da dama ta gaji. Rana tana da ɗan tasiri, amma minti goma ko ashirin na safe bai isa komai ba, idan kuma aka daɗe sai zafi ya ƙona fatar jariri, ruwan jikinsa ya ƙafe. Babbar illar duk waɗannan ita ce suna sa mutane su ji ana yin wani abu, alhali kwana biyu sun tafi.

Adalci ne a faɗi cewa ba tsofaffi kaɗai ke ba da irin wannan magani ba. Akwai iyayen da suka yi abin da ya dace, suka ɗauki jariri zuwa ƙaramin asibiti, ma'aikaci ya dube shi da ido ya ce a je a riƙa sa shi a rana ana ba shi gulukos. Uwar da aka faɗa wa haka da bakin mai farin kaya ba za ta sake dawowa da wuri ba. Ido ba ya auna bilirubin. Ido yana cewa akwai shawara, amma yawanta sai na'ura, ko dai wadda ake dangwalawa a goshi ko ƙirji, ko ta gwajin jini. Sakamakon ma ba a karanta shi shi kaɗai, sai an haɗa da awannin jariri a duniya da nauyinsa, domin adadin da ba komai ba ne ga ɗan kwana biyar yana iya zama haɗari ga ɗan kwana ɗaya.

Maganin ya daɗe da samuwa

A 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, wata nas mai suna Jean Ward ta lura cewa bakwainin da take fitarwa shan iska, fatar da haske ya taɓa takan washe, inda zane ya rufe kuma ya zauna rawaya. Likita Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka wallafa sakamakon a 1958. Daga nan aka samo fitilar shawara. Shuɗin haske ne da ke sauya bilirubin a cikin fata ya koma irin wanda jiki ke iya fitarwa ta fitsari da kashi ba tare da jiran hanta ba. Ana tuɓe jariri, a rufe masa ido, a kwantar da shi ƙarƙashin hasken, uwa na zuwa tana shayar da shi. Ba allura, ba yanka. Wanda aka kawo da wuri, kwana ɗaya zuwa uku sukan ishe shi.

Wanda aka kawo a makare sai canjin jini. Ana zura siririyar roba ta jijiyar cibiya, a riƙa zuƙe jininsa kaɗan-kaɗan ana mayar da na wani, har a juya ninki biyu na jinin jikinsa, wato kusan rabin lita ga jariri mai kilo uku. Aiki ne mai haɗari da tsada, ga neman wanda zai ba da sabon jini cikin dare. Yana ceton rai, amma ba ya dawo da abin da ya riga ya lalace.

'Yan Najeriya ma ba su naɗe hannu ba. A asibitin haihuwa na Island da ke Legas, Dakta Bolajoko Olusanya da Dakta Tina Slusher da abokan aikinsu sun gwada rumfa mai rufin wata leda ta musamman da ke tace hasken rana, ta tare mai ƙuna ta bar shuɗin ya wuce. Sakamakon da aka wallafa a 2015 a kan jarirai 447 ya nuna rumfar ta yi aiki daidai da fitilar lantarki ga shawarar da ba ta yi tsanani ba. A lura, awanni ake yi a ciki, nas na auna zafin jikin jariri a kai a kai, don haka ba daidai take da shanya yaro a tsakar gida ba. A Yenagoa ta Jihar Bayelsa, Virtue Oboro, wadda ɗanta ya sha fama da shawara a 2015, ta ƙera gadon haske mai aiki da sola da ake kira Crib A'Glow. A nan Shika ma likitocin yara sun wallafa bincike kan yadda za a ƙara wa fitilun da ake ƙerawa a gida ƙarfi. Wannan na da muhimmanci, domin binciken da aka yi a asibitocin Najeriya ya nuna fitilu da yawa suna ci amma haskensu bai kai na magani ba, saboda ƙwan ya tsufa ko an nesanta shi da jariri. Ga kuma ɗaukewar wuta.

Hujja mafi ƙarfi a wurina ta fito ne daga wata haɗakar likitoci mai suna Stop Kernicterus in Nigeria, wadda manufarta ita ce kawo ƙarshen nakasar da shawara ke jawowa. Asibitin Shika na cikinta, tare da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jos, da wasu a Asaba da Legas. Rahotonta na 2018 ya duba jarirai sama da 1,000 da aka kwantar saboda shawara, ya samu kimanin 15 cikin 100 sun iso da alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa. Daga nan aka shiga koya wa mata alamomin ciwon a wurin awo da bayan haihuwa. Rahoton 2020 ya nuna cewa a cikin jariran da iyayensu mata suka samu wannan darasi sau biyu, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu ba su kai biyu cikin ɗari ba, a cikin waɗanda ba a koya wa iyayensu komai ba kuwa sun haura ɗaya cikin huɗu. Gaskiya ne matan da ke zuwa awo sun bambanta da waɗanda ba sa zuwa ta fuskoki da dama, don haka ba darasin kaɗai ya kawo duk ratar ba. Amma ko an rage rabi, abin da ya saura ya isa a gina manufa a kansa.

Wani zai ce, idan shida cikin goma na yin shawara kuma mafi yawa na warkewa, me ya sa za a tayar wa kowane gida hankali, a cika asibiti, a ƙara wa talaka kashe kuɗi a makon da aljihunsa ya fi kowane lokaci rauni? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce ba kowane jariri za a kai Shika ba. Dubawa ake nema a kusa da gida, don a tace 'yan kaɗan ɗin da ke buƙatar fitila daga masu yawan da nono kaɗai ya ishe su. Kuɗin gwaji ɗaya bai kama ƙafar kuɗin canjin jini ba, balle ɗawainiyar yaron da za a goya har ya girma.

Wa zai yi me

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce mai jego da jaririnta su yi aƙalla awa 24 a asibiti bayan haihuwa, a auna shawarar kowane jariri da na'urar fata kafin sallama, sannan a sake ganinsu tsakanin awa 48 da 72. Ke nan duban kwana uku da nake kira a kai ba sabon abu ba ne, aiwatarwa ce ta rage. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari mazaɓu 11 gare ta, daga Samaru da Bomo da Basawa zuwa Hanwa da Cikaji da Jushi. Jihar Kaduna ta daɗe da tsarin cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin 255 da take da su. Ya kamata hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha ta sa na'urar auna shawara a kowace cibiya ta Sabon Gari, ta horar da ma'aikata, ta hana su rubuta gulukos da rana a matsayin magani. Na'urar fata takan ɗan ƙara adadi a kan baƙar fata, don haka wanda nasa ya yi sama a tabbatar da gwajin jini. Manyan asibitocin jiha, irin na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan da na tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi da ke Sabon Gari, su samu fitilu masu sola da ake auna ƙarfinsu, don kada kowa ya taru a Shika. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ita ma ya kamata ta tabbatar gwajin da kwanciyar fitila na cikin abin da inshorarta ke biya.

Ga waɗanda aka haifa a gida, muna da matan da yaƙi da shan inna ya horar, waɗanda suka san kowane gida da aka yi haihuwa a unguwa. Su da ungozomomi a ba su aikin shiga ɗakin mai jego a kwana na uku. A gidajen da ake yin ƙauri, dama mata na taruwa a wannan tsakanin.

A cikin gida kuwa, alhakin na angon ƙarni ne, domin shi ke da izinin fita da kuɗin mota. Kowace safiya a makon farko, ya sa a fito da jariri bakin ƙofa inda haske yake. A dubi farin ido da dasashi. A danna goshi ko karan hanci ko ƙirji da yatsa a saki, a ga launin da ya fito. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa. Idan ta bayyana a ranar farko, ko ta kai ciki da cinya, ko tafin hannu da na ƙafa, ko jariri bakwaini ne, ko ya rage shan nono, a tafi a ranar, ko da dare ne. Idan ta wuce mako biyu, musamman in kashi ya yi fari fitsari ya yi duhu, wannan na iya zama wata matsala ta hanyar maɗaci da ke son aiki da wuri. Faɗa wa mahaifiya haka ba rashin kunya ba ne. "Inna, ki yi haƙuri mu kai shi a auna, in ba komai yanzu za mu dawo." Ban san uwar da za ta ƙi wannan ba in an faɗa da ladabi. Limamai da fastoci, da ake fara kai wa labarin haihuwa, su ma su riƙa tambaya ko an duba idon yaro.

Akwai kuma yaran da abin ya riga ya shafa, waɗanda a wasu gidaje ake ce musu 'yan ruwa, ana ɓoye su, ana zargin uwarsu ko iska. Da yawa daga cikinsu hankalinsu lafiya lau, jiki da kunne ne suka ƙi ba su haɗin kai. Gwajin ji da gashin ƙashi da makaranta suke buƙata, kuma haƙƙinsu ne.

Abu na ƙarshe shi ne lissafi. Asibitin Shika da na jiha suna rubuta unguwar kowane jariri da aka kwantar. A riƙa fitar da adadin waɗanda suka iso da taɓuwar ƙwaƙwalwa kowace shekara, mazaɓa-mazaɓa, a miƙa wa shugaban ƙaramar hukuma da hakimai da masu unguwanni. Mazaɓar da adadinta ya sauka a tambaye ta yadda ta yi. Wadda nata ya ƙi sauka, kansilanta da shugaban cibiyar lafiyarta su zo gaban jama'a su yi bayani.